Wanda Ya Kashe Rijiyar Kanya Uku

Ranar Juma'a aka kashe mana rijiya, da rana tsaka, a bazarar 1957. Duk wanda ya san ƙasar Wudil ya san namiji mai ƙafa ba ya wuni a ƙauye ranar Juma'a. Kowa ya tafi kasuwa, mai saye da mai sayarwa da mai zuwa kallon shanun da ba zai taɓa mallaka ba. Mata kuwa tun da hantsi suka cika randunansu suka shige gida saboda zafi. Sai da la'asar Iya Hansai ta fito da tulunta, ta tarar babu rijiya. Rami ne kawai mai faɗin baki, cike da farin rairayi.

Kanya Uku ƙaramin ƙauye ne gaba da Darki, kuma rijiyar nan ita kaɗai gare mu. Daga ita sai kogi, tafiyar rabin wuni zuwa da dawowa. Da ruftawa ta yi don kanta da mun ce ikon Allah mun yi haƙuri. Amma gumaguman kirya huɗu da suke riƙe da bakinta ga su nan an janye su gefe, da shatin igiya a jikinsu, ga kuma sawun jaki a ƙasa.

Ba a kai magariba ba gari ya gama yanke hukunci. Ɗantani ne mai jakuna, shi ke ɗebo ruwan kogi a salka yana sayarwa, kuma jakarsa mai tsagaggen kofato ce ta bar sawun. Nan take wasu suka tuna ya taɓa cewa da rijiyar nan za ta ƙafe da ya ƙara jaki. Wasa ya yi, kowa ma ya yi dariya a lokacin, amma mu mutanen ƙauye ba ma yar da magana, ajiye ta muke yi sai ranar da za ta yi mana amfani. Ya rantse cewa yana bakin kogi da jakuna biyu, jakar kuma a turke ya bar ta. Babu wanda ya gan shi a can. Mai unguwa Wali ya sa aka ɗaure shi a zaure, ya aika Wudil cewa ɗan doka ya zo ranar Asabar da la'asar ya kai shi gaban alƙali. Don kada alƙali ya ce ina shaida, ya haɗa da saƙo a kira Maikano mai bin sawu.

* * *

Washegari Asabar, rana ba ta ɗaga ba Maikano ya iso. Gajeren dattijo ne, wanda ya ƙare rayuwarsa yana bin shanun sata daga kasuwar Wudil har cikin dazuzzuka. Idan kuna gaisawa ƙafarka yake kallo, har ana tsokanarsa cewa bai san fuskar matarsa ba, amma ya san dugaduganta.

A bakin ramin ya tarar da Isyaku mai haƙa rijiya zaune shi kaɗai. Tare aka yi musu kaciya, tare suka yi kiwo, saboda haka gaisuwarsu ta yi tsawo. Ya gida, ya iyali, ya zafi, ya jikin, don Isyaku bai je kasuwa jiya ba, ya ce zazzaɓi ya kwantar da shi.

"Ya muka ji da wannan abu?" in ji Maikano.

"Sai haƙuri," Isyaku ya ce. "Ni da babana muka haƙa ta, Maikano. Ina saurayi. Zurfinta gaba goma sha huɗu."

Hawaye na bin gemunsa, bai ma damu ya share ba. Babu wanda ya yi mamaki, domin rijiyar nan ta ci masa ɗa. Shekara uku da suka wuce autansa, wanda kowa ke kira Auta, ya shiga yasarta, rairayin da ke gaba shida ya zubo masa a ka. Kwana biyu aka yi ana tono kafin a fito da shi. Wasu manya suka zo ta'aziyya a mota, suka tsaya a daidai wurin nan suka yi alkawarin doka: daga yanzu ba za a ƙara zura ɗan Adam a rijiyar ƙasa ba sai an ɗaure cikinta da siminti, kuma za a sa simintin a kasafin kuɗi. Muka yi ta godiya kamar mun ga simintin da idonmu. Damina uku ta wuce, kullum dokar tana hanya. Ruwa kuma ya sake ja baya, gari ya matsa, har aka tsai da cewa Halliru, ɗan da ya rage wa Isyaku, zai shiga yasa a ranar Asabar ɗin nan.

Kusa da ramin jama'a sun tattake komai, sai Maikano ya yi nisa, ya kama sawun jakar daga hanyar turken Ɗantani. Ya duƙa ya daɗe. Mutumin da ke tare da jakar takalmin taya ne a ƙafarsa, irin wanda rabin garin ke saye a kasuwa, wannan bai nuna kowa ba. Amma kofaton jakar ne a kan sawun mutumin, ba sawun mutumin a kan kofato ba. Ya bi tsohuwar hanyar kogi ya duba sawun Ɗantani na kwanakin baya, ya ga ko'ina shi ne a baya, jakuna a gaba.

Da zai dawo ya ratsa ta gindin kanya, ya ga wasu da'irori na busasshiyar baƙar laka a jere, guda biyar, kamar an ɗora wasu abubuwa jiƙaƙƙu an kwashe. Ya taɓa lakar, ya shinshina, ya wuce.

* * *

Da ya gaya wa mai unguwa cewa mai jaki ba ya jan jakinsa, kora shi yake yi daga baya, sai tsegumi ya juya kan Malam Ya'u. Shi ne wakilinmu a majalisa, mutum mai son farin rawani da son a ce masa sannu da dawowa. Masu magana suka ce shekara uku ana yi masa gorin siminti, wa ya sani ko shi ya sa aka rusa rijiyar don dole a kawo sabuwa.

Maikano ya same shi a soronsa yana gumi.

"Malam Maikano, wallahi jiya a sahun gaba na yi sallar Juma'a, mutum ɗari sun gan ni."

"Ban ce ba ka yi ba, Malam. Ina maganar dokar ta kwana?"

"Tana hanya. An ce sai an kai ta sama an duba, in ta dawo a sake zama."

"Simintin fa?"

"Yana cikin kasafi. Haka aka ce mana."

"Ka gani da idonka?"

Malam Ya'u ya jawo akwatin ƙarfe ya buɗe. Takardun kasafin ne na shekara-shekara, kowanne ɗaure da zarensa kamar yadda aka miƙo masa, ko lanƙwasa kusurwa ba a yi ba.

"Ai ka san boko ne, ni kuwa ajami na iya. Ranar zama akawu yakan karanta da sauri, a ce kun yarda, mu ɗaga hannu. Ana gamawa a kawo goro."

"Ba wanda ya taɓa cewa a tsaya a maimaita?"

"A gaban manya? A ce kai kaɗai ne ba ka gane ba?"

Ni dai har gobe ina jin ciwon wannan amsa, domin na san ba mugunta ce ta hana shi tambaya ba, kunya ce, kuma da kunyar tasa muka sha ruwa shekara uku. Maikano ya ƙirga ɗaurin takardun, ya ga biyu ne.

"Ina na bara?"

"Yana wurin Isyaku. Makon jiya ya roƙe ni aro, wai yana so ya riƙe alkawarin ɗansa a hannunsa ko da bai iya karantawa ba. Tausayi ya ba ni, na ba shi."

Maikano ya mai da kallonsa ƙasa, ya yi sallama ya fita.

* * *

Gidan Iya Hansai ya nufa, ya tarar tana surfe. Bayan gaisuwa ya zauna a bakin ƙofa, wannan karon ba ƙafarta ya kalla ba, hannunta ya kalla.

"Iya, munduwar nan taki ta yi baƙi. Ba kya wanke ta ne?"

Ta saki taɓarya ta ja mayafi ta rufe hannun. Sai kuma ta ga babu amfani.

"Tawa ce, Maikano, kowa ya sani. Ta uwata ce. Bara waccan ta suɓuce ta faɗa rijiya ina jan ruwa."

"A ina ta dawo miki?"

"A gindin kanya na gan ta jiya. An jera su ne tsaf: guga uku, da ƙwaryar gidan liman, da ita a kan wani tsinken kasko. Na ɗauki tawa, na kai wa masu guga nasu kafin maza su dawo. Tsoro na ji kada a ce da hannuna a ciki."

"An jera, kika ce. Ba watsar da su aka yi ba?"

"An jera. Har an kife gugunan don su tsane, yadda ake yi in an..."

Ta dafe bakinta. Ita ma ta ji abin da take shirin faɗa. A garinmu idan mai yasa ya shiga rijiya, duk abin da ya tsinta a ƙasa yakan fito da shi ya jera a gindin kanya, kowa ya zo ya ɗauki nasa. Ba a koya wa kowa wannan sai 'yan gidan haƙa, kuma su ba sa iya barinsa. Halliru kuwa jiya tun safe yana kasuwa yana sayen sabuwar igiya, gari duk ya gan shi.

"Maikano," ta ce a hankali, "don Allah ka ce ba ka ga komai ba."

"Ɗantani yana ɗaure, Iya."

* * *

Ya tarar da Isyaku a zaurensa yana murza igiya a cinya. Suka sake gaisawa kamar ba su haɗu da safe ba. Maikano ya zauna, suka yi hirar gero, da tsadar shanu, da wani abokinsu na Utai da ya rasu. Kowannensu yana jan hirar don kada ta ƙare.

Can sai wani abu ya fantsama ruwa a cikin kwatarniyar da ke lungu, wadda aka rufe da faifai.

Maikano ya tashi ya ɗaga faifan. Tarwaɗa ce babba, baƙa, gashin bakinta ɗaya guntule. Duk Kanya Uku an san ta. Auta ne ya kamo ta a kogi tana 'yar ƙarama ya jefa a rijiya don ta riƙa cinye tsutsa, kuma in rana ta take a tsaka akan hango ta tana kewaya a ƙasan ruwa. Maikano ya mai da faifan a hankali. Ya faɗa mini daga baya cewa a shekara arba'in na bin sawu bai taɓa fatan ya makance ba sai a wannan lokacin.

"Ba ta cin tsaki," in ji Isyaku, bai ɗago kai ba. "Na gwada ba ta gara, ta ɗan taɓa."

"Isyaku."

"Na sani."

"Da la'asar ɗan doka zai zo. Ba zan bari a tafi da wanda bai yi ba."

"Da ka bari ai da ba kai ba ne." Ya ci gaba da murza igiyarsa. "Je ka. Bari in gama wannan, wadda Halliru ya sayo ba ta da ƙwari."

* * *

Da la'asar aka taru a ƙofar mai unguwa. Aka fito da Ɗantani, idanunsa sun kumbura, matarsa Talatu tana tsaye daga nesa da goyo. Malam Ya'u ya zauna a gefen tabarma, Iya Hansai ta raɓe a jikin danga, ɗan doka ya jingine kekensa yana jira. Halliru na tsaye a bayan ubansa.

"Ranka ya daɗe," Maikano ya ce, "Ɗantani bai yi ba. Wanda ya ɗauki jakar jan ta ya yi, bai saba da jaki ba. Malam Ya'u ma bai yi ba. Gumagumai kaɗai ba sa kashe rijiya. Sai da aka shiga ciki aka rarake ƙarƙashin rairayin da ke gaba shida, aka fito, sannan aka ja bakin. Wanda ya yi ya san cikinta kamar ɗakinsa. Ya kwaso kayan mutane ya jera musu. Ya fito da mai rai ɗaya da ke ciki don kada ƙasa ta danne shi. Maƙiyin gari ba ya haka."

"To wane ne?" mai unguwa ya tambaya.

Maikano ya kalli ƙasa. Isyaku ne ya taimake shi, ya miƙe tsaye.

"Kada ka wahalar da shi, ranka ya daɗe. Ni ne."

Halliru ya kama hannun rigarsa. "Baba, zauna. Zazzaɓin ne."

"Ban yi zazzaɓi ba, Halliru." Ya zaro takarda daga aljihu ya miƙa wa ɗan doka. "Samari, an ce ka yi yaƙi da jahilci. Karanta musu inda na sa shatin gawayi. Juma'ar waccan na kai wa mai rubuta wasiƙa a kasuwa, sau uku na sa ya maimaita mini."

Ɗan doka ya bi layin da yatsa, yana haɗa baƙi da kyar. "Rijiyar siminti, Kanya Uku. An... an gama aiki."

Malam Ya'u ya ce a sake karantawa, aka sake. Karo na farko ke nan da ya nemi a maimaita masa wani abu a takardar nan.

"Tun bara aka gama mana, a takarda," Isyaku ya ce. "Ko kuskuren alƙalami ne, ko wani ne ya san inda simintin ya tafi, ni ban sani ba. Wanda muka aika ya tambaya bai tambaya ba, hannu ya ɗaga. Wa zai kawo siminti inda aka riga aka gama? Dokar kuma da za ta hana a zura yaro tana hanya. Kuka ce Asabar Halliru zai shiga. Na roƙe ku a jira, kuka ce yara na jin ƙishi, kuma gaskiya kuka faɗa. Shi ma ba zai ƙi ba, gadonsa ne. Na shiga jiya don in duba ko za ta ɗauke shi. Ina dafa bangon rairayi ya zubo mini a wuya, daidai inda ta kama Auta." Ya juya ya dubi Halliru. "Na ba ta ɗaya. Ba ni da na biyun da zan ba ta."

Ya taka zuwa wurin Ɗantani ya durƙusa, ya kwance masa igiyar da hannunsa.

"Ka yafe mini. Jakarka ce kaɗai a turke, ban yi tunanin kofatonta ba. Jiya na so in yi magana, na ga yadda gari ya tashi, zuciyata ta gaza. Wannan laifin ya fi na rijiyar nauyi a wurina."

Ɗantani bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Kuka kawai yake yi, yana murza wuyan hannunsa.

Mai unguwa Wali ba mugun mutum ba ne, amma yana da gari mai mutum ɗari uku da ba su da ruwa.

"Sai ka je gaban alƙali, Isyaku, ba ni da ikon hanawa," ya ce. "Mu kuma ba za mu rayu a kan salkar Ɗantani ba. Gobe da safe za a fara sabuwa a gabas da kanya." Ya juya, bai iya haɗa ido da kowa ba. "Halliru, kai kaɗai ka rage mana."

Na ga fuskar Isyaku a lokacin, kuma da ma ban gani ba. Duk tunanin da ya yi bai kai nan ba. Ya hana ɗansa shiga rijiya ta wuni ɗaya, ya jawo masa ta wata biyu, a ƙasa iri ɗaya, babu siminti.

* * *

Ɗan doka bai ɗaure Isyaku ba, tura kekensa ya yi suka jera a ƙasa, Maikano yana biye da su. Sun kai bakin gari Isyaku ya tsaya ya kira ɗansa.

"Igiyar da na murza tana zaure, da ita za ka shiga. A gaba shida za ka tarar da farin rairayi. In ka ji ya taɓa maka wuya, ko ƙwaya ɗaya ce, ka ja igiya a fito da kai. Kada ka ji kunyar kowa, ka ji ko? Kunya ce ta kawo mu nan."

"Na ji, Baba."

"Tarwaɗar ƙaninka kuma, ka riƙa canja mata ruwa. Kada ka saka ta a sabuwar sai ranar da aka ɗaure ta da siminti."

Ɗaurin wata tara alƙali ya yi wa Isyaku. Halliru ya haƙa rijiyar, sau biyu ana fizgo shi rairayi na bin ƙafarsa, Allah ya yi da sauran kwanansa. Malam Ya'u ya shiga ajin yaƙi da jahilci da furfurarsa, ya zama mutumin da ake jin haushinsa a majalisa saboda yawan cewa a tsaya a maimaita. Maikano kuwa bai ƙara karɓar aikin bin sawun mutum ba, ya ce shanu sun ishe shi.

Da Isyaku ya dawo bai shiga gida ba sai da ya je ya leƙa sabuwar rijiyar, ya shafa bakinta ya ji ƙasa ce. Sannan ya wuce zaure ya ɗaga faifan. Kullum da safe shi yake canja ruwan, ya tambayi duk wanda ya dawo daga Wudil ko an ji labarin dokar. Shekara biyu tarwaɗar ta yi a kwatarniya tana jira, kuma a cikinta ta mutu.